Koyon Sana'ar Katun Daga Cikin Ɗaki: Kafin A Sayar Da Sarƙa

   

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata ƙanwarmu, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce tana da aure da 'ya'ya biyu, ba ta fita sai da lalura, kuma tun tana firamare Allah Ya ba ta hannun zane. Kwanan baya ƙaninta ya nuna mata a waya wata makaranta ta ƙasar Amurka da ake koyon yin katun ta intanet, ɗaliba tana ɗakinta, malami yana can yana duba mata aiki. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Abin da ta mallaka mai daraja shi ne sarƙa da 'yan kunnen zinare da mahaifiyarta ta bar mata. Sai ta rufe saƙon da cewa: "Anti, in sayar ko kada in sayar?"

To ƙanwata, kin yi tambaya mai nauyi, kuma na san ba ke kaɗai ba ce. Akwai iyaye da yawa da 'ya'yansu suka zo musu da irin wannan magana. Bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, mene ne aikin? Katun ɗin nan da yaranmu suke zama gaban talabijin suna kallo, irin su Tom and Jerry da aka fara fitarwa tun 1940, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa a nuna su da sauri har ido ya ga kamar motsi suke yi. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya, wato 1,440 a minti ɗaya. A da, da hannu ake zana su ɗaya bayan ɗaya. Tun da kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi shi gaba ɗaya da kwamfuta, yawancin aikin ya koma can. Yanzu akan ƙera wata 'yar tsana ce a cikin kwamfuta, mai gaɓoɓi da ido da baki, sai a miƙa wa mai motsawa. Ita ce za ta yanke yadda 'yar tsanar za ta ɗaga ƙafa, yadda za ta harari wani, yadda kafaɗarta za ta faɗi in an ba ta labarin baƙin ciki. Wannan ɓangaren na ba wa 'yar tsana hali da ɗabi'a, shi ne makarantar nan take koyarwa.

Ni kuwa da na duba abin da ake koyarwar, sai na ga ashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin Disney guda biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun fitar da littafi a 1981 inda suka tattara ƙa'idoji 12 na wannan sana'a. Ɗaya ta ce kowane motsi yana da share fage. Ke da kike daka kin san wannan: sai kin ɗaga taɓarya sama, kin ɗan miƙe, kafin ki sauke ta cikin turmi. Wata ta ce in jiki ya tsaya, abin da ke rataye da shi ba ya tsayawa nan take. Dubi mace in tana sauri aka kira ta ta tsaya, ai mayafinta sai ya ɗan wuce gaba kafin ya dawo. Wata kuma ta ce abu mai laushi yana lotsewa ya miƙe, kamar ƙullin fulawa in kin maka shi a kan faranti. Kuma wa ya fi mu sanin bambancin tashin mai tsohon ciki da tashin budurwa daga kan tabarma? Wa ya fi kakanninmu iya kwaikwayon tsamin bakin Gizo da haƙurin Ƙoƙi in an zauna tatsuniya da dare? Idon da ake nema a wannan sana'a, mai lura da yadda jiki ke faɗin abin da ke zuciya, da yawanmu muna da shi.

Kada kuma a ce aikin maza ne. Dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya, mace ce ta yi shi, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger, a 1926. Da almakashi ta yanka kwali ta fitar da mutanenta, labarin kuwa daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi. Shekara uku ta yi tana aikin.

To me ya sa makarantar intanet ɗin take jan hankali haka? Saboda wannan sana'a ce da ba a cika ƙwarewa a kanta ba sai da mai gyara. Kamar ɗinki ne. Kina iya kallon yadda ake yanka riga sau ɗari, amma sai gwana ta ɗaga taki ta ce miki hammatar nan ta matse, sannan idonki zai buɗe. A da, neman irin wannan malami sai da tafiya. Marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa ya kuma rasu a 2015, sai da ya je har Kanada ya koyi aiki wurin wani gwani, Norman McLaren. A 1966 ya fitar da katun ɗinsa na wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. Shi namiji ne, ya samu hanyar tafiya. Mace mai aure da goyo fa?

Wannan giɓi ne wasu ƙwararru uku suka gani, Bobby Beck da Carlos Baena da suka yi aiki a Pixar, da Shawn Kelly na kamfanin ILM. A 2005 suka buɗe makarantar Animation Mentor a jihar Kalifoniya, ba aji ba allo, komai ta intanet. Daga baya wasu irinta sun biyo baya, kamar iAnimate da AnimSchool. Tsarin da ta yi suna da shi aji shida ne, kowanne mako 12, jimla shekara ɗaya da rabi. Ana farawa da ƙwallo mai tsalle, a zo tafiya da ɗaukar kaya, sai a ƙarshe a kai ga magana da nuna hali a fuska. Kowane mako ɗaliba za ta tura aikinta, malamin da ke aiki a babban kamfanin fim ya ɗauki bidiyo yana zane a kan aikin nata, yana nuna mata inda ƙugu ya karkace ko inda ƙafa ta zame. Sannan akwai zama na kai tsaye da shi da sauran ɗalibai don tambaya da amsa. Wallahi duk wadda ke zaune a kulle ta ji an ce gwani zai zo mata har ɗaka, dole ranta ya biya.

Yanzu sai mu zo ga kuɗi, kuma a nan nake so a kasa kunne. A wasu daga cikin waɗannan manyan makarantu, kuɗin aji ɗaya yakan haura dala 2,000. Aji shida ke nan sun haura dala 12,000. A 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500. In muka yi lissafi da wannan farashi, aji ɗaya naira miliyan 3 ne, duka shidan miliyan 18. A wannan shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000. Ma'aikacin da ke karɓar haka, sai ya tara albashinsa na fiye da shekara uku da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya aji guda. Ƙanwata, ki auna sarƙar nan da wannan lissafi. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ta biya aji na farko ta ƙare, a bar ki da ƙwallo mai tsalle, ba sarƙa ba sana'a.

Kuma kuɗin makaranta ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Ana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, waya ba za ta ɗauki wannan aiki ba. Ana buƙatar data mai yawa, tun da bidiyo ake turawa ana saukewa kowane mako. Ana buƙatar wuta tsayayya, ko sola ko janareto da mansa. Darasin duk da Turanci ake yi, irin na Amurkawa mai sauri. Ga kuma lokaci: Kalifoniya tana bayanmu da awa 8 ko 9, gwargwadon watan da ake ciki. In malami ya tashi aiki ya zauna da ɗalibai ƙarfe shida na yamma, a nan ƙarfe biyu ko uku na dare ne, ga ki da sallar asuba da abin karin kumallon 'yan makaranta. Aikin gidan da ake bayarwa kuwa yana cin awoyi da yawa kowace rana, don ko ƙwararru a manyan kamfanoni, daƙiƙoƙi kaɗan suke kammalawa a mako guda.

In an gama fa, aiki yana nan yana jira? Ba a yi wa kowa wannan alkawari ba. Kamfanoni ba takardar shaida suke dubawa ba, ɗan gajeren bidiyon ayyukanki suke kallo, su gwada da na ɗaruruwan masu nema daga ko'ina a duniya. Ita kanta sana'ar tana da hawa da sauka. A watan Mayun 2024 kamfanin Pixar ya sallami ma'aikata kusan 175. Gaskiya ne a gida ma ana motsawa, ga Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙiro a Abuja don yara, ga masu tallace-tallace da masu shirya darussa da ke neman mai iya wannan aiki. Amma kada a yi cinikin biri a sama.

Akwai abu biyu kuma da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, hukuncin zanen abu mai rai. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta ga abin da aka yi don wasan yara da karantar da su. Ni ba malama ba ce, don haka a aika a tambayi malamin da aka amince da iliminsa tun kafin a fara, zuciya ta natsu. Na biyu, maigida. Yawancin malaman nan maza ne, kuma zaman kai tsaye da kyamara ake yi. A zauna da shi a yi masa bayani filla-filla, ya san da wa ake magana, a wane lokaci. Abin da aka faro a ɓoye ba ya yin albarka, balle wanda zai raba ki da barci shekara ɗaya da rabi.

To shin cewa nake a haƙura? A'a. Cewa nake a gane abin da ake saya da waɗannan miliyoyi. Darussan kansu, da yawansu suna nan kyauta a YouTube. Abin da ke da tsada shi ne idon gwani a kan aikinki, kuma wannan ido ba ya amfanar wadda ba ta riga ta sha wuya da hannunta ba. Ba a ɗaukar babbar tela a biya ta don ta koya wa yarinya saka zare a allura.

Ga shawarata. Ki ba kanki wata uku na gwaji, ba tare da kin taɓa sarƙar ba. Ki samu tsohon littafin rubutu na yara, ki zana ƙwallo a kusurwar shafi na ƙarshe, a shafin da ke gabansa ki ɗan sauko da ita, haka har ta taɓa ƙasa ta lotse ta koma sama. Ki kama gefen littafin da yatsa ki saki shafukan da sauri, za ki ga ta yi tsalle. Daga nan ki yi biyu, ɗaya balan-balan ɗaya dutsen guga, ki nuna wa ɗanki ki tambaye shi wacce ta fi nauyi. In ya faɗa daidai ba tare da kin gaya masa ba, kin ci darasin farko. Sai ki koma kan buhun fulawa rabin cika, wanda masu koyon katun suka daɗe suna gwaji da shi: ba ido, ba baki, amma ki sa shi ya yi fushi, ya ji kunya, ya yi murna. In kina da babbar waya, akwai manhajar FlipaClip da ake irin wannan zane da yatsa. In akwai kwamfuta a gidan, ƙaninki ya sauko miki da Blender, kyauta ce ba a biyan ko sisi. Kada kuma ki raina ta don kyauta ce. Da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya da 'yan tawagarsa suka yi fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a cikinsa, ya kuma ci kyautar Oscar a 2025.

In wata ukun suka cika kika ga littafin yana ƙarƙashin katifa ƙura ta rufe shi, to alhamdu lillahi, kin gane sha'awar kallo ce, sarƙarki kuma tana nan. In kuwa kika ga tuwo na kan wuta hankalinki na kan buhun fulawa, to ki ci gaba har shekara, ki tara ayyukanki, ki shiga rukunin masu koyo inda ake duba wa juna aiki. A lokacin ne biyan malami zai yi ma'ana. Ko a lokacin ma, a fara da gajeren kwas ko aji ɗaya, a tambayi cikakken farashi da sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce, a biya daga adashe ko ribar sana'a, kuɗin da in sun tafi gida ba zai girgiza ba. A kuma yi hattara da masu tura saƙo a waya suna cewa su wakilan makarantar waje ne, a zuba kuɗi a asusunsu.

Don haka ƙanwata, amsar tambayarki ita ce kada ki sayar yanzu. Ki mayar da sarƙar mahaifiyarki cikin akwati, ki yi mata addu'a, ki ɗauko fensir. Sannu ba ta hana zuwa. Ni dai ina fatan ranar da yaranmu za su zauna gaban talabijin su ga Gizo da Ƙoƙi suna magana da Hausa, a ce wata baiwar Allah ce ta motsa su daga cikin ɗakinta. In kin yi ƙwallonki ta yi tsalle, ki aiko mana mu gani, mu taya ki murna.

A nan za mu dasa aya. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take.