Maganar Halatta Tabar Wiwi: Ina Ribar Manomi?

(Wannan jawabi ne da wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa da iyayen yara a garin Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Mun buga shi domin amfanin masu karatu.)

 

Kwanakin baya wani saurayi ya tare ni a kasuwa. Ya ce, "Malam, wai gaskiya ne gwamnati za ta halatta wiwi? Na ji an ce ta fi albasa kuɗi." Na ce masa ya zo aji, zan ba shi amsa a gaban jama'a, domin na san ba shi kaɗai ya ji wannan magana ba. Ana yin ta a rediyo, ana yin ta a waya, ana yin ta a wurin mai shayi.

Da farko mu san abin da doka ta ce. Har yau noman wiwi da sayar da ita da shan ta duk laifi ne a Nijeriya. A shekarar 1966 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya shuka ta. Daga baya an yi wa dokar gyare-gyare. A 1989 aka kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA. Ita ce ke kama masu wannan harka, tana ƙone gonakin, tana kai su kotu. Wanda aka samu da laifi yana iya shafe shekaru masu yawa a gidan yari.

To, daga ina maganar halattawa ta fito? A 2019 gwamnan Jihar Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je ƙasar Tailan ya ga yadda suke yin magani da ganyen. Ya nemi a bar Nijeriya ta noma shi don magani da sayarwa waje. Dazuzzukan Ondo da Edo na cikin wuraren da aka fi noma wiwi a ɓoye. Bayan haka wasu 'yan Majalisar Wakilai sun kawo ƙudurin doka a Abuja, amma bai zama doka ba.

Adalci ne mu ji hujjar masu wannan ra'ayi. Sun ce ana fitar da wani mai daga ganyen da ke taimaka wa masu wata irin farfaɗiya. Sun ce gwamnati za ta samu haraji, matasa za su samu aiki, gidajen yari za su ragu da cunkoso. Sun kuma ce an daɗe ana kamu, amma shan bai ragu ba. Wannan ta ƙarshe akwai gaskiya a ciki. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 suna amfani da miyagun ƙwayoyi. A cikinsu, miliyan 10 da dubu 600 wiwi suke sha.

Yanzu mu duba ƙasashen da suka gwada. Lesoto, wata ƙaramar ƙasa a kudancin Afirka, ita ce ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a nahiyar nan, a 2017. Amma kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ga shinge, ga masu gadi, ga ɗakin gwaji, duk sai an tanada. Kamfanoni masu jari daga waje su ne suka shiga. Talakan da ke noma ta a bayan dutse yana nan yana ɓuya kamar da.

Kanada ta halatta wa manya sha a 2018. Gwamnati ta samu haraji, kamu ya ragu. Amma kaya sun yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi, manyan kamfanoni suka sallami ma'aikata. Likitoci kuma suka ga ƙaruwar yaran da ake kawowa asibiti bayan sun ci alewar da aka haɗa da wiwi.

Ita kuwa Tailan, wadda aka je koyo wurinta, ta saki ganyen a 2022. Shaguna dubbai suka buɗe. A 2025 sai ta ja linzami, ta ce ba mai saye sai da takardar likita. In ƙasar da ta gwada ta dawo da baya cikin shekara uku, ashe akwai abin tunani.

Mu dawo gida. A ce gobe an ba da izini a Nijeriya. Wa zai samu lasisin? Mu da muke wahala kafin buhun taki ya iso hannunmu, mu ne za mu biya kuɗin lasisi da na gwaji? Kun san abin da ke faruwa da albasa. In kowa ya cire lokaci ɗaya, buhu ya faɗi, dillali ya ci riba, manomi ya koma da bashi. Ita albasa ko ta faɗi ana yin miya da ita. Shinkafa in ba ta sayu ba, yara su ci. Wanda ya cika fadamarsa da wiwi, ranar da kasuwa ta juya masa baya, me zai dafa wa iyali?

Sannan ga lafiyar yaranmu. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya fara sha tun yana ƙarami ya fi shiga haɗari. Tana rage ƙarfin riƙe karatu, tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma iya tayar da ciwon hauka ga wasu. Direba ko ɗan kabu-kabu da ya sha ya hau hanyar Sakkwato zuwa Jega, ran fasinja ne a hannunsa. Daga nan zuwa asibitin masu taɓin hankali na Kware tafiya ce mai nisa, kuɗin mota da na magani kuma a kan iyaye suke faɗawa. Buhu nawa na gero za a sayar kafin yaro ɗaya ya warke?

Ta fuskar addini kuwa, malamanmu sun daɗe da yi mana bayani cewa abin da ke gusar da hankali haramun ne. Maganin da likita ya rubuta don ciwo, da awo da ƙa'ida, hukuncinsa daban, kuma malamai da likitoci ne za su yi bayaninsa. Saboda haka kada a ruɗe mu. Maganar man da ake haɗa magani daban, maganar naɗa ganye a bayan gari daban.

Ina da roƙo guda uku. Na ɗaya, duk wanda ya zo da iri ya ce ka shuka masa a tsakiyar dawa ko a bakin fadama, wai an kusa halattawa, ka ce masa a'a. In jami'ai suka zo, gonarka za su samu, kai za su kama, shi kuwa ya yi nisa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Na biyu, iyaye mu sa ido. Yaro in ya canja abokai, ya daina zuwa gona da makaranta, kuɗi suka fara ɓata a gida, a zauna da shi tun da wuri. Duka da kora ba sa warkarwa. A kai shi asibiti, a nemi shawarar malamai da hakimi.

Na uku, ku da kuka iya karatu yanzu, in kun ji labari ku tambaya: wa ya faɗa, yaushe, kuma wa zai amfana? In 'yan majalisarmu suka zo gida, ku tambaye su matsayinsu a kan wannan magana, ku kuma nemi su kawo mana taki, injin ban ruwa da rumbun adana albasa. Waɗannan su ne za su tsayar da matasanmu a gona.

Saurayin da ya yi mini tambaya, ga amsarka: ba a halatta ba, kuma ko a inda aka halatta, ƙaramin manomi bai cika ganin ribar ba. Riƙe albasarka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.