MAGANIN DABBOBI: RABIN ALLURA YA FI RASHINTA ILLA

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Malbaza, da Dogarawa, da Galmi, da Tsarnawa, da Ƙonni, da Illela, da Badagishiri. Yau hirarmu a kan maganin dabbobi take. Ku matso kusa da rediyo. Mai alli ya ɗauki allonsa.

Wata ɗalibata ta turke rago domin Layya. Ragon ya kama tari da majina. Ranar kasuwar Gidan Idar ta sayi kafso mai ja da rawaya wajen mai tebur. Ta ba shi kwana 2, ya ji sauƙi, ta daina. Bayan mako 2 tarin ya komo. Ta sake ba shi kafson, bai yi komi ba. Ta tambaye ni: "Malam, maganin ne ya lalace, ko ragon ne aka yi wa baki?" Ga amsar da na ba ta.

Cututtuka da yawa wasu ƙananan halittu ke kawo su. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Ana kiransu ƙwayoyin cuta. Iri biyu za mu riƙe yau: bakteriya da birus. Maganin da ke kashe bakteriya sunansa antibiyotik. Kafso mai ja da rawaya antibiyotik ne. Allurar oksitetarasiklin da ake yi wa shanu da tumaki ita ma antibiyotik ce. Wannan magani ba ya kashe birus. Annobar da ke share kaji lokacin ɗari birus ce. Ciwon baki da kofato na shanu shi ma birus ne. Wanda ya zuba kafso cikin ruwan kaji domin annoba ya zubar da kuɗinsa banza.

To, yaya magani yake daina aiki? Ku tuna yadda manomi ke zaɓen iri. Yana ware zangarniyar da ta fi ƙarfi, ya ajiye. Baɗi ita zai shuka. Haka rabin magani yake yi cikin jikin dabba. Raunanan ƙwayoyin cuta su mutu tun kwanan farko. Masu taurin kai su saura. In an tsaida magani, su ne za su hayayyafa, su cika jiki. Bakteriya ɗaya tana iya zama biyu cikin ƙasa da awa guda. Ashe da hannunmu muka zaɓa wa cuta iri mai ƙarfi. Abin da ya sami ragon ɗalibata ke nan.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Wani masani a Ingila, Alekzanda Fleming, shi ya gano penisilin a shekarar 1928. A 1945 ya yi gargaɗi cewa in ana shan maganin ƙasa da ƙima, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Maganarsa ta tabbata. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ba ta jin magani. In an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Wato mu ke nan.

Wani zai ce: "Ina ruwan ɗana da maganin saniya?" Da ruwansa. Magungunan dabba da na mutum dangi ɗaya ne. Bakteriyar da ta saba da magani a jikin akuya tana fita cikin kashinta. Kashin ya zama taki, a kai shi garkar albasa da salati. Ruwan sama ya kwashe shi zuwa tabki da rijiya. Yaro ya yi wasa a turke, ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Ranar da zawo ya kama shi, a kai shi likita, a ba shi magani, magani ya ƙi ci. Sai a nemi wani mai tsada, wata ƙila sai Tawa ko Yamai. Kuma nonon saniyar da aka yi wa allura jiya akwai saurar magani cikinsa. Da shi ake dama furar gida.

A ƙasashen Turai da suka haɗa kai, tun shekarar 2006 aka hana ba dabba antibiyotik domin ta yi ƙiba kawai. Mu ma masu turka mu ji. Dusa da harawa da kowar wake ke sa rago ƙiba. Lafiyayyen rago ba ya bukatar allura.

Ga abin da za mu yi. Ku rubuta.

1. Dabba ta kwanta, a nemi ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi. Shi ya san cutar, shi ya san awon magani.
2. Kar a sayi maganin da ya wuni cikin rana bisa tebur. Zafi yana rage masa ƙarfi, wani kuma jabu ne. Araha ba ta ado.
3. A cika kwanakin da aka faɗa, ko da dabba ta miƙe.
4. Kar a ba dabba maganin mutum. Kar mutum ya sha na dabba.
5. Bayan allura, a jira kwanakin da aka rubuta kafin a sha nono ko a yanka.
6. In masu rigakafi sun zo gari, a fito da garke duka. Kar a ɓoye ko ɗan akuya. Rigakafi ya fi magani.
7. A ware marar lafiya daga masu lafiya. A share turke. A wanke hannu da sabulu.

Ƴan'uwa, a nan karatunku zai yi muku rana. A jikin kwalbar magani akwai lambobi uku. Na farko, ranar da magani zai ƙare aiki. Na biyu, awon da za a ba dabba gwargwadon nauyinta. Na uku, kwanakin jira. Rubutun da Faransanci ne ko Ingilishi, amma lamba lamba ce, kun kuwa iya ta. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi ma'aikacin kiwo. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya zo aji da tsohuwar kwalbar magani. Malaminku zai taya ku neman lambobin nan uku. Sa'an nan ku tattauna wannan tambaya: a garinmu, wa ke yi wa dabbobi allura, kuma ina ya koya?

Allah ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.