Ƙasar Da Aka Yi Cinikin Sunanta



Ƙasar da za mu yi magana a kanta yau ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, watau Masedoniya ta Arewa. Ƙasar duwatsu ce, ba ta da bakin teku ko taƙi ɗaya. Kogin Bardar ya ratsa Skopje, babban birninta, ya gangara kudu, ya faɗa teku a Girka kusa da Salonika. Inda ruwan nan ya bi, nan kayan cinikinta ke bi, kuma a nan wuyar take.

Turkawan Usmaniyya sun mallake ta wajen shekara 500, har 1912, shi ya sa masallatai da majami'u suke maƙwabtaka a tsohuwar kasuwar Skopje. Daga baya ta zama yanki na Yugoslabiya. Da ta sami mulkin kai a 1991, sai Girka ta ce sunan Masedoniya gadonta ne tun daga Sarki Iskandar, ga shi kuwa tana da lardi mai wannan suna. A 1994 ta rufe mata tashar Salonika. Ba a buɗe ba sai 1995, bayan sun yarda su sake tutarsu.

A 2018 aka yi sulhu a bakin tafkin Prespa, suka ƙara "ta Arewa" a 2019, sa'an nan NATO ta karɓe su a 2020. A ganinmu dai an matsa wa mai ƙaramin ƙarfi ne, gama ko rabin masu ƙuri'a ba su fito raba gardamar 2018 ba. Ana cikin haka, a 2020 ɗin, Bulgeriya kuma ta tare musu ƙofar Tarayyar Turai, ita a kan harshe da tarihi.