Samu, Tsadar Rayuwa da Shawarar Haihuwa a Ƙasar Hausa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau abu ne da Bahaushe ba ya son tattauna shi a bainar jama'a. Mu mutane ne da ba mu ƙidaya 'ya'ya a gaban baƙo, har ma ɗan fari ba a kiran sunansa saboda kunya. Duk da haka kowane magidanci a wannan zaure ya san cewa akwai lissafin da yakan yi shi kaɗai da dare idan wata ya yi nisa. Wannan lissafi nake so mu duba.

Bari mu fara da abin da ƙididdiga ta nuna. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, mace tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a tsawon rayuwarta. Amma da aka kasa gidaje kashi biyar gwargwadon abin hannunsu, sai aka ga matan kashin da ya fi talauci suna haihuwar 6.7, na kashin da ya fi wadata kuwa 3.8. A Jihar Katsina adadin ya kai 7.3, a Legas 3.4. Idan muka leƙa waje, Koriya ta Kudu, ƙasa mai ɗimbin arziki, adadinta ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, watau bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba. To, in da kuɗi ne kawai ke sa a haihu, ai da masu shi sun fi kowa zuriya. Me ya sa abin ya zo a juye?

Wani masani ɗan ƙasar Ostireliya, John Caldwell, wanda ya yi bincike a ƙasar Yarabawa, ya ba da amsa a 1976. A ganinsa abin dubawa shi ne inda dukiya take gangarawa a cikin iyali. Inda take tasowa daga 'ya'ya zuwa ga iyaye, yawan haihuwa riba ne. Inda ta juya take tafiya daga iyaye zuwa ga 'ya'ya, sai mutane su fara taƙaitawa.

Mu Hausawa muna da kalmar da ta ƙunshi rabin farko na wannan bayani, ita ce gandu. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta bayyana tsarinsa a littafinta na 1972. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar mahaifinsu. Shi kuma ya ci da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, kana ya ba kowa gayaunarsa. A irin wannan gida yaro ɗan shekara bakwai ya fara kiwo, yarinya ta fara talla. Manomin da ya tara 'ya'ya ba rashin tunani ya yi ba. Su ne ƙwadagonsa a yau, su ne kuma fanshonsa idan ƙarfi ya ƙare. Daɗin daɗawa, yana haihuwa ne da sanin ba duka za su rayu ba. Binciken nan na 2018 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar.

Yanzu ku kwatanta shi da ma'aikacin gwamnati a Kano ko Kaduna. Gidan haya yake, ciki da falo. Hatsi a mudu yake saye. Ɗansa ba zai kawo masa ko kwabo ba sai ya gama firamare da sakandare da jami'a, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya shiga neman aiki, watau shekara ashirin da wani abu ana kashe masa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar mai ta tashi daga wajen naira 190 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kafin ƙarshen shekarar buhun shinkafa ɗaya ya zarce wannan kuɗi a kasuwanni da yawa.

Ta ina wannan matsi yake taɓa haihuwa? A ƙasar Hausa ba kasafai miji da mata kan zauna su yanke adadi ba. Ta hanyoyi uku abin yake biyowa. Na farko, jinkirin aure. Saurayi yana tara lefe da kuɗin haya, uban yarinya yana fama da kayan ɗaki da gara, shekaru suna tafiya. Nauyin nan ne ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, ta kuma aurar da mutum 1,800 da matansu a 2023. Na biyu, fasa ƙarin aure: wanda mahaifinsa ya ajiye mata uku, shi ya tsaya a ɗaya. Na uku, tazara tsakanin haihuwa, wadda ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakanninmu mata sukan yi goyon shekara biyu kafin yaye, kuma suna da sunan da suke kiran cikin da ya shiga kan goyo, watau rurrutsa, abin da ake yi wa mace gori a kansa.

Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa ya sauko zuwa 4.8. Kada mu yi hanzarin ɗora wannan duka a kan tsadar kwanan nan, domin saukar ta daɗe da farawa: 5.7 ne a 2008, 5.5 a 2013. Ilmin mata da zaman birni suna da nasu rabon a ciki.

Na san wani zai ce, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, ba ni kuwa da ja. Sai dai Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Tawakkali bai taɓa ɗauke wa uba nauyin ci da sha da tufafi da tarbiyya ba.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, idan takardar shirin ƙayyade iyali ta iso teburinku, ku tuna cewa talakan ƙauye ba wa'azi ya rasa ba. Muddin yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda, muddin tsoho ba shi da madogara sai 'ya'yansa, zai ci gaba da haihuwa da yawa, kuma bisa ga halin da yake ciki lissafinsa daidai ne. Ku gyara asibitin karkara, ku riƙe yarinya a makaranta, ku biya fansho a kan kari, sauran shawarar ku bar wa miji da matarsa. Ku kuma ɗalibai, lissafin nan yana jiranku nan da 'yan shekaru. Idan lokacin ya zo, ku yi shi tare da iyalinku, domin ita ce mai ɗaukar cikin.