Tsohon Littafi Mai Tsarki na Gida: Gādon da Ba a Rabawa



Maganata a yau a kan tsohon Littafi Mai Tsarki ce, wanda yake kwance a ƙasan akwati a gidajenmu da yawa. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru na Dokta Walter Miller da abokan aikinsa. Wanda yake da bugun nan a gida, yana riƙe da abin da ya haura shekara 90. Ku buɗe bangonsa. Sau da yawa za ku ga hannun kaka ko na wani mai bishara ya rubuta ranar haihuwa, ranar baftisma, ranar aure da ranar rasuwa.

Kada mu raina wannan rubutu. A Ingila da Amurka, masu buga littafin har shafuffuka sukan bari tsakanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari domin sunayen iyali. Da gwamnatin Amurka ta yi dokar fansho a 1836 domin matan sojojin yaƙin neman 'yanci da mazansu suka rasu, waɗansu gwauraye da shafin Littafi Mai Tsarki na gida suka tabbatar da aurensu. Haka kuma a Nehemiya sura 7, waɗansu zuriyar firistoci sun nemi sunayensu cikin littafin asali ba su samu ba, sai aka hana su aikin firist.

Mu ma abin ya shafe mu. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, rajistar wasu ta ƙone, ta wasu gara ta cinye, wasu kuma hijira ta watsa su. Idan shafin nan ya ɓace, jikokinmu ba za su san wanda ya fara ba da gaskiya a gidansu ba.

Saboda haka ina roƙonmu abu huɗu. Na ɗaya, a naɗe littafin da tsabtataccen ƙyalle, a ajiye shi nesa da laima da gara, kada kuma a liƙe yagaggen shafi da salatif, gama yana ɓata takarda. Na biyu, a ɗauki hoton shafuffukan sunaye, a kwafe su a ba kowane ɗa da 'ya, a kai kwafi ɗaya wurin fasto. Na uku, a zauna da tsofaffi tun suna da rai, a cike sunayen da babu, har da na iyaye mata. Na huɗu, iyali su amince da mutum ɗaya da zai riƙe littafin. Gona akan raba, amma wannan ba a yayyaga shi.

Kada kuma ya zama kayan ajiya kawai. A fito da shi lokacin Kirsimeti, a karanta wa yara Maganar Allah da sunayen kakanninsu.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.