Fata tamu, riba ta wa?

Jawabin baƙo mai jawabi a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Maraɗi



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, da baƙinmu da suka ƙetaro daga Jibiya da Katsina da Kano, barkanmu da ganin wannan rana. An ce in yi magana a kan dunƙulewar duniya, da dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke ƙara arziki wasu suna nan inda suke. Ni malamin makaranta ne, fannina nazarin zamantakewar al'umma. Ban taɓa kwana a bakin iyaka ina jiran a saki mota ba. Don haka abin da na karanta zan kawo, ku auna shi da abin da idonku ya gani.

Bari in fara da jar akuya. Shekaru aru-aru ana jeme fatarta a ƙasar Hausa, a rina, ayari ya ratsa Sahara da ita zuwa arewacin Afirka. Da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Kiwo namu, jima tamu, suna kuwa na wanda ke bakin teku. Yau ma fatun da kuke tarawa a kasuwannin ƙauye suna zuwa majemun Kano, da yawansu su fita zuwa Italiya da Sifen ba a ɗinka komai da su ba. Can ake yin jaka, a manna mata suna, kuɗin guda ɗaya ya isa sayen garken awaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ashe mun daɗe cikin kasuwar duniya. Abin dubawa shi ne inda aka zaunar da mu a cikinta. Wani masani Ba'amurke, Immanuel Wallerstein, wanda ya fara bincikensa a Afirka ta Yamma, ya bayyana a 1974 cewa duniya kasuwa ɗaya ce mai tsakiya da gefe. Ƴan tsakiya ke da masana'antu da jari, su ke sa doka. Ƴan gefe ke kawo ɗanyen kaya da ƙarfin jiki. Samir Amin, Bamisiren da ya daɗe yana aiki a Dakar, shi ma ya nuna cewa wannan rabon aiki ne ke ja arziki zuwa wuri ɗaya.

Ku dubi auduga. A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun ta ƙasar Meziko, Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi sun kai kuka cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta yana karya farashin auduga. Mu an ce mu janye tallafi mu buɗe ƙofa, masu faɗin haka kuwa nasu na nan. A shekarun nan ne yawancin masaƙun Kaduna da Kano suka rufe, Kantin Kwari ta cika da atamfar Sin. Mu faɗi gaskiya, wani ɓangare na atamfar nan ta Kwatano da Maraɗi ya bi, kuma wasunmu sun gina gidaje da ita. Mace mai ƙaramin ƙarfi ta sami zane da araha, ma'aikacin masaƙa ya rasa albashi. Duka biyun sun faru.

Ba kowa dunƙulewar nan ta kayar ba. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40. Sun fita ne ta hanyar ƙera kaya da hannunsu. Duk da haka, masanin tattalin arziki Branko Milanovic ya lissafa cewa fiye da rabin bambancin samu tsakanin mutanen duniya yana zuwa ne daga ƙasar da mutum yake, kafin a zo kan ƙoƙarinsa. Kuɗi na ƙetare iyaka ta waya cikin daƙiƙa. Ɗan Adam sai da biza.

Yanzu mu shigo cikin wannan zaure. A Janairun 1994 an wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Ba a shawarci ko ɗayanmu ba. Amma ciwon bai zo mana daidai ba. Mai sito da jari ya jira farashi ya hau. Mai buhu goma na albasa ya ga ta ruɓe a mota. Hajiya mai ɗan ƙullin kaya ita ce ke biya a kowane shinge, kuma abin da ake karɓa gare ta, in an auna da jarinta, ya fi na mai tirela. Tsakiya da gefe suna nan har a tsakaninmu.

To me ke hannunmu? Amana. Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga ana cinikin goro da shanu bashi, a kan maganar maigida kawai. Wannan jari ne da babu wanda ya kawo mana daga waje. Ina roƙon ƙungiya abu uku a kansa.

Na ɗaya, ƙananan ƴan kasuwa su riƙa haɗa kuɗi su yi sari tare su ɗauki mota ɗaya, babba ya tsaya musu. Na biyu, a buɗe littafi a ofis, duk wanda aka karɓi kuɗinsa ba rasit ya rubuta wuri da rana da adadi, domin hukuma ta fi jin takarda a kan kuka. Na uku, mu sa ƴaƴanmu a jima da dukanci da ɗinki. Yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Yamai a Yulin 2019, kayan da aka sarrafa a Afirka take sauƙaƙa wa haraji. Mai dillancin kayan wasu ba zai ci moriyarta sosai ba.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jirgin ya fara tafiya, zai iso mana cike. Mu fara shirya abin da zai koma da shi tun yanzu, kuma ina fata a cikinsa a sami takalmi ɗinkin Maraɗi, da sunan Maraɗi a jikinsa.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu, ya mayar da baƙinmu gida lafiya.