Kujerar Gaba a Majami'a: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An ce in yi magana a kan son kuɗi a rayuwar Kirista. To, ba zan ce kuɗi mugun abu ne ba. Da kuɗi aka biya mana makaranta, da su ake sayen taki. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 6, ba kuɗin ya zarga ba, ƙaunarsu ya zarga. Tambayata ita ce, ta wace ƙofa wannan ƙauna take shigowa ikilisiyoyinmu na ƙasar Karaye da Rogo?

A ganina, ta ƙofar girmamawa take shigowa.

Iyayenmu manoma ne. Ranar godiyar kaka wani ya kawo damin dawa, wata ta kawo kwanon gyaɗa ko kaza, ba a kiran sunan kowa. Da gayya aka gina majami'un ƙasa, aka nome gonar mai bishara. Yau fa? A shirya gidauniya, a gayyato babban baƙo daga Kano ko Abuja, a ba shi kujerar gaba, a faɗi abin da ya bayar da lasifika, a tafa. Gwauruwar da ta kawo naira 200 tana can baya, har kunya take ji. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta tsawata a kan wannan zancen kujera tun tuni, amma kamar ba a karanta mana ba. Kuma babu dattijon da yake tambayar babban baƙo inda ya samo. Ma'aikaci ne mai albashi, kowa ya san matakinsa, amma ya ba da abin da ya fi albashin shekara, mu ce albarka ce.

Yaranmu suna kallo, jama'a. Sun ga wanda ake tashi tsaye dominsa, saboda haka suke neman gajeriyar hanya. Lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, da kuma lokacin da CBEX ta durƙushe a Afrilun 2025, masu zuwa sujada na cikin waɗanda suka yi kuka. Abin takaici, sau da yawa ɗan'uwa ne yake jawo ɗan'uwa, don an yarda da shi. Wanda ya sayar da gonar gado ya zuba a irin wannan, ina zai koma? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 ana noman rani a Karaye, amma sai mai fili yake yinsa.

Ku tuna Gehazi, baran annabi Elisha. Maigidansa ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, shi kuwa ya bi bayansa da ƙarya, ya karɓo azurfa da riguna, ya ƙare da kuturta. Ba arne ba ne, a gidan annabi yake kwana.

Mu da muka yi boko, mu ne ake gayyata a matsayin manyan baƙi, mu ne ma'aji da sakatarori. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Idan an kira mu gidauniya a ƙauyukanmu, mu sa gudummawa a ambulan, mu roƙi kada a faɗi adadi. Sa'an nan duk wanda yake riƙe da kuɗin ikilisiya ko na zumuntar mata, ya karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku, ko ba a tambaye shi ba.